Wa Ke Da Alhakin Badalar Kano?

A watan Disamba na 2024 Hukumar Ilmi da Kimiyya da Al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNESCO, ta sa Hawan Sallar Kano a cikin jerin al'adun da duniya ta yarda gadon 'yan Adam ne baki ɗaya. An yi murna ƙwarai, an cika jaridu da saƙonnin taya murna, manyan ma'aikata sun yi jawabai. Watanni kaɗan bayan haka Ƙaramar Sallar 2025 ta zo, 'yan sanda suka hana hawan saboda rikicin sarauta da gudun tashin fitina, kamar dai yadda suka hana a Babbar Sallar da ta gabace ta. To, irin wannan hani na ɗan lokaci ne. Rikici yakan zo ya wuce, dawaki su koma fage, 'yan bindiga su sake ɗura albarushi. Abin da in ya tafi ba ya komowa shi ne fagen kansa, watau filin Idi, da hanyoyin da sarki ke bi, da ƙofofin gari, da ganuwar da ta kewaye su duka ta mai da wurin birni.

Duk wanda ya bi titin da ya tashi daga Ƙofar Nassarawa ya wuce Sabuwar Ƙofa da Ɗan'agundi da Na'isa da Gadon Ƙaya har ya kai Kabuga, ba ya bukatar wani masani ya gaya masa halin da ake ciki. Zai ga inda ganuwa take tsaye da ƙyar, da inda ta zama tudun ƙasa awaki na hawa, da inda ta zama juji, da inda aka yanke ta aka kafa shago ko garejin gyaran mota. A wasu wuraren ko alamarta babu, sai dattijo ya nuna da sanda ya ce nan ta bi. Wannan ɓarna ba a dare ɗaya aka yi ta ba, ba kuma gwamnati ɗaya ko jam'iyya ɗaya ta yi ta ba. Shekara da shekaru ana yi, kwando-kwando, filoti-filoti, a gaban idon hukumomin da kowace cikinsu ke zaton aikin na wata ne.

Ganuwar nan, wadda Kanawa suka fi kira badala, aikin sarakuna da yawa ce. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Gijimasu ɗan Warisi, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ta. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, shi ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi ya gina gidan sarautar da har yau ake kira da sunansa. A zamanin Muhammadu Nazaki, farkon ƙarni na 17, aka sake ƙara ta. Sa'ad da sojojin Ingila suka iso a watan Fabrairu na 1903 sun tarar da ita tsaye ƙyam, har Gwamna Lugga ya rubuta wa magabatansa cewa tsayinta ya kai ƙafa 30 zuwa 50, kaurinta a gindi ƙafa 40, bai kuwa taɓa ganin irinta a Afirka ba.

Yaya aka yi ginin ƙasa ya sha ruwan damina wajen shekara ɗari takwas bai narke ba? Amsar ba ta da wuya: ba a barinsa. In ruwa ya ɗauke aka kammala girbi, akan raba ganuwa kashi-kashi, kowane basarake da nasa rabo, ya fito da mutanensa su kwaɓa ƙasa su toshe inda ruwa ya ci. Kowace ƙofa tana da Sarkin Ƙofa, wanda ya san abin da ya shiga da abin da ya fita, ya kuma san ranar da azara ta fara lanƙwasa. Gaskiya ne aikin ba na ganin dama ba ne, akwai tilas a cikinsa, akwai guminsa na bayi da talakawa, ba kuwa mai hankalin da zai nemi a komo da wannan. Amma akwai abu guda a tsarin nan wanda ya cancanci a tsaya a duba. Kowane taku na badala yana da wanda za a kira a tambaya in ya zube, mutumin kuma yana zaune a nan kusa, ana iya aika yaro ya kirawo shi.

Yau fa, wa za a aika a kirawo? A takarda, mai badala ita ce Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa, wadda Dokar Soja mai lamba 77 ta 1979 ta kafa, domin an daɗe da sa ganuwar da ƙofofinta cikin kayan tarihin ƙasa. A 2007 ma Nijeriya ta miƙa sunanta ga UNESCO cikin jerin wuraren da ake fatan a karɓa wata rana. Sai dai hukumar nan hedkwatarta tana Abuja, ba ta ba da filoti, ba ta ba da izinin gini, ba ta da motar rusau, tarar da dokarta ta yanka wa mai ɓarna kuwa an yanke ta tun zamanin da Naira ta fi Dalar Amurka daraja. Ƙasar birni, bisa Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978, tana hannun Gwamnan Jiha, izinin gini kuma hukumar tsara birane ta jiha, watau KNUPDA, ke bayarwa. Fada tana da hakimai da masu unguwanni da sarakunan ƙofa, amma tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 aka raba ta da baitulmali da ikon zartarwa. Tsohon birnin kansa an yanka shi uku, wani sashe na Ƙaramar Hukumar Birni, wani na Dala, wani na Gwale. Mai iko yana nesa, na kusa ba shi da iko, wanda ke da ɗan iko yana kuma kusa, watau ƙaramar hukuma, ya ce ba a rubuta masa ba.

Da gaske ne ba a rubuta masa ba. Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma dalla-dalla, har da lasin kekuna da na baro da na kwalekwale, har da kula da dabbobin gida, amma kalmar al'ada ko tarihi ba ta fito ko sau ɗaya ba. Maganar kare al'adu tana can a Sashe na 21, a cikin babin manufofin da ba a iya kai gwamnati ƙara a kansu. Saboda haka shugaban ƙaramar hukuma zai iya cinye wa'adinsa kaf bai taɓa ɗaga kai ya dubi ganuwar da ke bayan ofishinsa ba, ba kuwa dokar da ya karya.

Amma fa a sake karanta jadawalin a tsanake. Ya ba ƙaramar hukuma kasuwanni da tashoshin mota da mayanka. Ya ba ta tituna na cikin unguwa da magudanan ruwa da fitilun hanya, da lambuna da filayen shan iska. Ya ba ta kwashe shara, da raɗa wa tituna suna, da sa wa gidaje lamba, da sa ido a kan shaguna da rumfuna da allunan talla. Mai karatu ya tambayi kansa, me ke kashe badala in ban da waɗannan? Ruwan da ba shi da magudana ke cin gindinta. Sharar da ba a kwashe ba ke riƙe danshi a jikinta. Rumfar da aka yanka wa rasit yau ita ce shagon bulo na gobe, allon talla kuma shi ya rufe fuskar ƙofa. Rai da mutuwar kayan tarihi suna hannun mai ba da rasit ɗin rumfa da shugaban leburorin kwata, ko sun sani ko ba su sani ba. Abin da wannan sharhi ke faɗa ke nan: kula da gadon gari aikin yau da kullum ne na hukumar gari, kamata ya yi ya shiga tsarinta da kasafin kuɗinta kamar yadda gyaran rijiya da albashin malamai suka shiga.

Maganar kududdufai ta isa misali. Mutanen da, da suka haƙi ƙasa suka gina ganuwa da soraye da zauruka, sun bar ramuka a ko'ina cikin birni. Ramukan nan su ne ke shanye ruwan sama kafin ya gangara Jakara, daga cikinsu kuma ake sake ɗiban ƙasar yaɓe. An yi ta cike su da shara ana yanka filoti a kai, har da yawansu suka ɓace. Sakamakon haka ya zo ta fuska biyu. Ruwa ya rasa mazauni ya shiga ɗakunan mutane, mai son gyaran katangar gidansa kuma ya rasa inda zai ɗebi ƙasa, sai ya ɗauki kwando ya nufi badala da dare. Ba za a ce masa mugu ba, bukata ce ta kai shi. Wanda ya yarda aka cike kududdufin ba tare da ya tanadi magudana ba, shi ya fi cancanta a tambaya.

Wani lokaci kuma ɓarnar da rana tsaka ake yi. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, daga baya aka gina wata a madadinta. Ba wanda ke musun cewa motocin yau ba za su bi ƙofar da aka yi domin raƙumi da jaki ba. Amma injiniyoyi sun san dabarar barin tsohuwar ƙofa a tsaye a fasa hanya a gefenta, da akwai wani a wurin shawara wanda aikinsa ne ya faɗi haka, da wataƙila an ji. Kada kuma wani ya ce wannan ciwon Arewa ne. A Ikko, kusa da Dandalin Tinubu, akwai wani gida mai fasalin ginin Barazil da ake kira Ilojo Bar, wanda aka gina wajen 1855, aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956, kafin samun mulkin kai. Ran 11 ga Satumba 2016, ana jajibirin hutun Babbar Salla, motar rusau ta kwantar da shi. Takardar Gwamnatin Tarayya ta shekara sittin ba ta tsayar da ita ko na minti ɗaya ba.

In aka tambayi yawancin ƙananan hukumomin ƙasar nan me suke yi wa al'ada, za su nuna hotuna. Ga 'yan rawa sanye da anko suna tarbar babban baƙo, ga makaɗa a rana tun hantsi suna jiran Gwamna da zai zo da la'asar, ga kofi da aka ciwo a gasar jiha. Al'ada a wurinsu abin fitarwa ce ranar buki, a mai da ita sito in baƙi sun tafi. Wannan ɗabi'a daga sama aka koyo ta. Bukin FESTAC da aka yi a Ikko daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu 1977, da hawan dabar da aka yi a Kaduna, sun girgiza duniya, ba mai musu. Amma babban zauren wasanni na Iganmu da aka gina dominsa ya yi shekaru yana lalacewa, sai a 2020 aka miƙa shi ga bankuna su gyara, Otal ɗin Durbar na Kaduna kuwa ya zama kango har aka rushe shi a wannan shekarar. Ƙasar nan ta iya buki. Sharar fage bayan an watse, da biyan mai gadi wata-wata, su ne ba ta iya ba.

Alhali kuwa sana'o'in birni a sarƙe suke da juna, in aka taɓa ɗaya sauran sun ji. A dubi marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498. Marini yakan haɗa baba da toka da kanwa a karofi ya bar su su ruɓa kafin ya tsoma zane. In ruwan ya mutu, ƙasan da ya kwanta a gindin rami shi ne katsi. Katsin nan ake busarwa a ƙona, a haɗa da gashin da majema suka kankare daga fata, da ruwan dafara, a sami laso, wanda magina ke shafe rufin soro da shi ruwa bai ratsa ba, da shi ne ma ake shafe cikin ramin rinin kansa. Ga kuma makuba daga ɓawon ɗorawa, ga azara daga giginya. Watau marini yana ciyar da magini, majemi yana ciyar da su duka biyu, mai bugu yana jiran abin da ya fito daga karofi, ɗan koli a Kurmi yana jiran mai bugu. Sa'ad da Bature matafiyi Barth ya zo Kano a 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne yadda zanen Kano ke kaiwa Tambutu da Tarabulus. Yau ramuka da yawa a Ƙofar Mata a bushe suke, yaran gidan marina sun koma tuƙa A Daidaita Sahu. Ranar da marini na ƙarshe ya ajiye aiki, ko an samu kuɗin gyaran Gidan Makama ba za a samu katsin yin laso ba, sai a shafa siminti a jikin ƙasa, siminti kuwa ya riƙe danshi ya ci ginin daga ciki.

Sunayen unguwanni ma littafi ne wanda ba a buga ba. Alfindiki daga kalmar Larabci ta masaukin fatake ta fito. Dandalin Turawa ba na Turawan Ingila ba ne, na Larabawan Tarabulus da Gadamus ne, domin su aka fara kira da wannan suna. Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Agadasawa sun faɗi daga inda mazaunansu na fari suka zo. Ayagi kuwa unguwar Yarabawa ce a cikin ganuwa tun kafin Bature ya yi mafarkin Nijeriya, abin da ya kamata masu wa'azin rabuwar kai a Kudu da Arewa su riƙa tunawa. Ikon raɗa wa titi suna na ƙaramar hukuma ne ita kaɗai. Tana iya rubuta sunayen nan a allo da ɗan bayanin asalinsu da Hausa, da boko da ajami, kuɗin bai kai na tayar motar shugaba ba. Tana kuma iya shafe su ta maye da sunan wanda ya ba da gudummawar zaɓe, wannan ne aka fi gani.

Sa'an nan ga wasanni masu rai, waɗanda ba a ajiye su a gidan tarihi. Dambe da kokawa da langa da gaɗa da tashe duk abu ɗaya suke bukata, fili. Dandalin unguwa shi ne makarantar da makaɗi da mawaƙi da ɗan kama suka fara koyon tsayawa gaban jama'a. An sayar da dandali, an kewaye filin makaranta, sa'an nan ana mamaki yara sun watse a lungu. A 'yan shekarun nan 'yan sanda sun sha hana tashe a Kano cikin azumi, domin 'yan daba na fakewa da shi su yi ƙwace. Dalilinsu abin ji ne. Amma hani shi ne magani mafi arha, mai kuma kashe majinyaci tare da cutar. Da ƙananan hukumomin birni sun keɓe filaye sanannu masu fitila, masu unguwanni da 'yan sintiri suka tsaya a kai daga bayan asham zuwa wani lokaci ƙayyadadde, da yara sun yi tashensu iyaye na kallo, ɗan daba kuwa ba ya son haske.

Akwai darasi kuma a abin da ya faru a 2016, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar gina dandalin shirya fina-finai a Kofa, cikin Ƙaramar Hukumar Bebeji. Malamai da jama'a suka yi ca, cikin 'yan kwanaki aka janye shirin. Ko mutum yana ganin masu suka sun yi daidai ko sun yi kuskure, abu ɗaya a fili yake: an tsara abin daga nesa, mutanen wuri a rediyo suka ji. Harkar al'ada a ƙasar Hausa tana taɓa addini da tarbiyya, ba a shigo da ita ta taga. Wurin da ya dace a yi irin wannan muhawara tun kafin a sa hannu a takarda shi ne zauren majalisar ƙaramar hukuma, inda kansila da liman da ɗan wasa da uban yara duk sun san juna.

Wani zai ce, ana fama da yunwa da rashin ruwan sha da asibitin da ba magani, wa ke ta katangar ƙasa? Maganar tana da nauyi, ba a kore ta da hannu ɗaya. Sai dai a dubi inda kuɗin gyaran badala zai shiga. Ba a sayo tubali daga waje, ba a biyan kuɗin jirgi a kan makuba. Kuɗin zai shiga aljihun magini da lebura da mai jaki da mai ɗiban ruwa, da rani, lokacin da 'yan ci-rani suka cika gari ba aikin yi. Magudanar da za ta kare gindin ganuwa ita ce za ta kare ɗakin talakan da ke maƙwabtaka da ita. Sharar da aka kwashe daga jikinta ta rage sauro da kwalara. Da wuya a sami wani aikin gwamnati wanda kusan kowane kwabonsa ke tsayawa a cikin unguwa kamar wannan.

Wani kuma zai ce ƙaramar hukuma ba ta da kuɗi, ba ta da iko, 'yar amshin shatan Gwamna ce. Shekaru da yawa haka abin yake, asusun haɗin gwiwa ya mai da shugabanninta masu jiran a sammusu. Amma ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Aiwatar da hukuncin ya yi ta tafiyar hawainiya, duk da haka ƙofa ta buɗe, in kuɗin ya iso kuwa zai tarar da tsari ko ya tarar da baki buɗe. Game da iko, gaskiya ne tun 2003 Kotun Ƙoli ta tabbatar, a shari'ar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, cewa tsara birane hurumin jiha ne. Wannan ya nuna ba sai an jira Abuja ba. Majalisar Dokokin Jihar Kano tana iya yin doka gobe cewa ba za a ba da izinin gini ko na rusau a cikin wani tazara daga ganuwa ba sai ƙaramar hukumar wurin da fada da hukumar tarihi sun sa hannu a bainar jama'a.

Rashin irin wannan doka tsayayya yana da tsada, Kano ta riga ta biya. Wata gwamnati ta ba da izini aka gina shaguna a filin Idi, wadda ta gaje ta ta rushe su a 2023, 'yan kasuwa suka kai ƙara, Babbar Kotun Tarayya ta yanke musu diyyar Naira biliyan 30. Dukiyar 'yan kasuwa ta salwanta, baitulmali ya shiga bashi, gaba ta ƙaru tsakanin mutane. Da tun fari akwai taswira da kowa ya sani, wadda ta ce nan fili ne na Idi har abada ko wa ke mulki, da ba a yi ginin ba balle rusau.

Ba sai an je Turai neman abin koyi ba. A Jenne ta ƙasar Mali, babban masallacin ƙasa da aka gina a 1907 yana tsaye ne domin kowace shekara gari duka ke fitowa rana guda a yaɓe shi, unguwa na gasa da unguwa, magina na gado suna ja-gaba, abin ya zama buki da kansa. A Agadas, wadda UNESCO ta karɓi tsohon garinta a 2013, hasumiyar ƙasa mai tsayin mita 27 tana nan domin ba a daina yi mata yaɓe ba. A Oshogbo, kurmin Oshun ya kusa ƙarewa a hannun masu saran itace da masu neman filoti, sai mutanen gari da sarkinsu da masu sassaƙa, tare da Baturiya Susanne Wenger, suka tsaya a kansa, aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa a 1965, UNESCO ta karɓe shi a 2005. A duk wuraren nan takardar duniya daga baya ta zo, ta tarar da mutanen gari suna aikinsu. Kano kuwa ta ga ɗaya gefen: wajen 2004 Gwamnatin Jamus ta ba da gudummawa aka gyara wani sashe na ganuwa, gyaran ya yi kyau, amma baƙo ba ya dawowa kowace shekara da kwandon yaɓe, damina kuwa tana dawowa.

Abin da ake bukata daga Birni da Dala da Gwale bai fi ƙarfinsu ba. Su kafa kwamiti ɗaya tsayayye na su uku, da wakilin fada, da Sarkin Magina, da shugabannin marina da majema da maƙera, da ma'aikatan Gidan Makama da na Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa, da malaman Jami'ar Bayero da ke bakin ganuwar. Aikinsa na fari ƙidaya ce. A bi unguwa-unguwa da masu unguwanni a rubuta abin da ya saura: taku nawa na badala, soro nawa, karofi nawa mai rai, kududdufi nawa, dandali nawa, wane gwani ne ya rage a wace sana'a, yara nawa ke koyo a hannunsa. A buga rajistar a manna a sakatariya da ƙofar kowane mai unguwa, domin abin da aka ƙidaya a gaban jama'a yana da wuyar sacewa. Daga nan a raba abin da ya saura na ganuwa kashi-kashi kamar da, kowace mazaɓa da nata, sunan kansila a jikin allo, a biya ma'aikata ladansu cikakke.

Mutanen da suka riga suka yi gida a kan badala ko a jikinta, da yawansu talakawa ne da suka sayi wuri da guminsu daga hannun wanda ya nuna musu takarda. Aika musu motar rusau da asuba zalunci ne a kan zalunci, zai kuma sa jama'a su tsani ganuwar kanta. Inda ta riga ta ɓace, a haƙura, a sa alama a ƙasa don na baya su san ta nan ta bi. Ƙarfi duka a mai da shi kan abin da ke tsaye, a ja layi a ce daga nan ba ƙari, wanda ya sake yanka filoti kuwa a fara da jami'in da ya sa hannu kafin a zo kan mai saye.

Lokaci ma yana da muhimmanci, domin ginin ƙasa ba ya jiran takardar ofis. Ƙananan hukumomi sukan shirya kasafin kuɗinsu a ƙarshen shekara, daidai lokacin da ruwa ya ɗauke ƙasa ta fara bushewa. In an sa kuɗin yaɓe a kasafin aka kuma sake shi a Janairu, magina suna da wata huɗu ko biyar na aiki kafin hadarin farko ya haɗo daga gabas. In aka bar takardar tana yawo daga tebur zuwa tebur har watan Yuni, sai dai a sake auna abin da ya rage tsakanin Ɗan'agundi da Na'isa a rage adadin da ke cikin rajista.